La'adar Dillali Idan An Fasa Ciniki

Jawabi domin hakimai da magatakardansu na ƙasashen Kazaure, da Babura, da Roni, da Gwiwa.

Da wuya kasuwa ta ci ta watse a wannan yanki ba a sami wanda ya saya ya fasa ba, ko wanda ya sallama sa'an nan ya ce a mayar masa da abinsa. Babura tana bakin iyaka da Jumhuriyar Nijar, Roni da Gwiwa suna maƙwabtaka da Jihar Katsina, Kazaure kuwa tana kan hanyar Kano zuwa Daura. Saboda haka masu ciniki da yawa baƙi ne, ba su san juna ba sai ta bakin dillali. Idan ciniki ya warware, mai kaya ya karɓi kayansa, mai kuɗi ya karɓi kuɗinsa, sai rigima ta koma kan la'ada: dillali ya riƙe, ko ya mayar?

Tun da aka rushe En'e a gyaran ƙananan hukumomi na 1976, aikin hakimi a irin wannan magana sulhu ne, yanke hukunci kuwa na alƙali ne. Amma har yanzu ƙofar hakimi ake fara zuwa, kuma sulhun da ba a gina shi bisa ƙa'ida ba ba ya daɗewa.

Asalin la'ada

A mazhabar Maliki, wadda alƙalan ƙasar nan suke bi, la'ada kamar jinga take, watau lada ce da ake biya idan aiki ya kammala. Dillalin da aka ba saniya ya wuni yana yawo da ita a kara, ana tayawa yana cewa albarka, har rana ta faɗi ciniki bai faɗa ba, ba shi da la'ada. Don haka tambayar da ta kamata hakimi ya fara yi ita ce: a wane matsayi ciniki yake sa'ad da aka fasa, kuma wa ya jawo fasawar? Matsayin kuwa huɗu ne.

Na farko, a fasa tun dillali bai fara aiki ba. Misali, ɗan kasuwa a Kano ya buga wa dillalinsa waya a Gwiwa ya ce a saya masa buhu 50 na wake, kafin kasuwa ta ci ya sake bugowa ya ce a bari, ko a mayar da su buhu 20. A nan babu abin biya, domin kowannensu yana da ikon janyewa. Amma littafin Muhtasar na Shehu Halilu ya nuna cewa da zarar mai aiki ya fara, alkawari ya hau kan wanda ya sa shi. Ba shi yiwuwa a bar dillali ya samo mai saye, ya daidaita kuɗi, sa'an nan a sallame shi a zagaya a ƙulla cinikin a bayan idonsa domin a guje wa la'ada.

Na biyu, cinikin da aka yi bisa sharaɗin zaɓi, wanda malamai suke kira hiyari. Mai saye ya ce zai tafi da san noma ya gwada, in bai gamsu ba ya mayar. Wannan ya halatta idan wa'adin gajere ne. Muhtasar ya kimanta kamar kwana 3 ga dabba ko tufa, kamar wata 1 ga gida. A cikin wa'adin nan dabbar tana nan a mallakar mai sayarwa, kuma ba a yarda a sa sharaɗin biyan kuɗi nan take ba. Idan aka mayar da ita kafin wa'adi ya cika, ciniki bai tabbata ba, la'ada kuwa ba ta wajaba ba tukuna.

Na uku, ciniki ya faɗa sarai, sa'an nan ɗaya ya yi nadama, ya roƙi ɗan'uwansa, suka warware da yardar juna. Malikawa suna ɗaukar wannan warwarewa tamkar sabon ciniki ne. Dillali ya riga ya gama aikinsa, nadamar wani ba ta cinye masa guminsa. Sai dai a lura da hatsi: in an sayi gero ko dawa bisa awo, ba a kai ga aunawa an karɓa ba, to, in za a warware sai a mayar da kuɗin daidai, babu ragi babu ƙari.

Na huɗu, a mayar da kaya saboda aibi. In mai sayarwa bai san da aibin ba, dillali ya mayar da la'ada, gama cinikin ya rushe. In kuwa ya sani ya ɓoye, dillali bai sani ba, la'ada ta zama ta dillali, hasara ta koma kan maha'inci. Dillalin da aka haɗa baki da shi aka rufe aibi ba shi da bakin neman kome.

Kafin alƙalami

Mafi yawan ɓacin rai a nan yake. Mutum ya ba da naira 50,000, alal misali, a riƙe masa sa zuwa kasuwa mai zuwa, ya kasa cikawa, mai san ya ce kuɗin sun zama nasa. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa ya hana cinikin da aka sa wa sharaɗin cinye kafin alƙalami idan an fasa. In za a lissafa shi cikin kuɗin kaya idan an cika, a mayar idan an fasa, babu laifi. Hambaliyya sun yarda da cinyewa, haka kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi mai mazauni a Jidda ta yarda da shi a 1993, muddin an yanke wa'adi. Tun da akwai saɓani, in masu rigima suka ƙi sulhu, ya fi kyau hakimi ya tura su gaban alƙali.

Yadda ake yi a manyan kasuwannin duniya

Wannan matsala ba ta kasuwar ƙauye kaɗai ba ce. A 1973 aka buɗe wata kasuwa a birnin Shikago na Amurka, inda ba hannun jari ake saya ba, sai ikon zaɓi. Mutum ya biya 'yan kuɗi domin ya sami damar sayen hannun jari 100 a kan ƙayyadadden kuɗi kafin wata rana sananniya. In ya so ya saya, in ya so ya bari, amma abin da ya biya ba ya komowa. Majalisar Fiƙihun da aka ambata ta yanke a 1992 cewa irin wannan ciniki bai halatta ba, domin abin da ake sayarwa ba dukiya ba ce. Ba a kawo shi nan domin a yi koyi da shi ba, sai domin a ga yadda dillalansa suka tsare kansu daga gardama.

A can, wanda ya janye umurninsa ko ya sake shi tun ba a zartar ba, yawancin gidajen dillanci ba su karɓar kome a hannunsa. Waɗansu suna karɓar ɗan abin ɗawainiya, amma sai sun rubuta shi a takardar ladansu tun da fari. Da zarar an zartar kuwa babu fasawa. Wanda ya yi nadama sai ya sake sayarwa, ya sake biyan lada. Abin lura shi ne, kowa ya san abin da zai biya tun kafin ya buɗe baki.

Abin da ake nema ga hakimai da magatakarda

Ya kamata kowane hakimi ya tara Sarkin Kasuwa da shugabannin dillalai da fatomomi, a daidaita la'adar da aka saba a kan sa, da tunkiya, da buhun hatsi, a faɗi wanda yake biya, mai saye ko mai sayarwa. A kuma daidaita wanda zai ɗauki kuɗin dako da ciyar da dabba idan an sake umurni bayan an fara aiki. Magatakarda ya rubuta, a yi shela ranar kasuwa.

Ciniki mai tsoka kuwa, a rubuta abu biyar: sunayen masu ciniki da dillali, da kuɗin kaya, da abin da aka bayar kafin alƙalami da hukuncinsa, da wa'adin zaɓi in akwai, da shaidu biyu. Umurnin da aka bayar ta waya a bi shi da rubutaccen saƙo, domin ranar musu saƙo yana nan, maganar baki ta bi iska.

Dillalin da ya san la'adarsa ba za ta salwanta ba, ba ya bukatar rufe aibi, baƙon da ya san za a mayar masa da haƙƙinsa kuwa zai komo da kayansa kasuwa mai zuwa.