Kyan fata daga hannu zuwa hannu

Yau maganarmu a kan kyan kaya take. Me ke sa a yi rububin kayan wani, a wuce na wani ba a ko taya ba? Za mu ɗauki misalin fata, don sana'a ce da ƙasar Damagaram ta gada kaka da kakanni.

Mu fara da tarihi kaɗan. Sarki Tanimun ya riƙe sarautar Damagaram daga 1851 zuwa 1884. A zamaninsa ayari na tashi daga nan, ya bi ta Agadas, ya bi ta Gat, ya sauka Tarabulus a bakin teku. Tafiyar watanni ce a bisa raƙuma. Cikin kayan da ake ɗauka akwai gashin jimina da jemammun fatu. Daga Tarabulus jiragen ruwa ke wucewa da su gaba. Turawa na kiran irin wannan fata da sunan Maroko, don ta arewacin Afirka take isa gare su. Amma da yawa daga cikinta ta awakin ƙasar Hausa ce. Kun san sunan Malam Yaro, babban attajirin Damagaram na ƙarshen wancan zamani. Shi ne daga baya aka sa wa masana'antar jima ta garin sunansa. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, sai hanyar fatu ta juya kudu.

To, ku lura da abu guda. Mai saye a Tarabulus bai taɓa ganin majemin Damagaram ba. Bai san sunansa ba, bai san unguwarsu ba. Fatar ce kawai ke ba da shaida a kansa. In ta yi kyau, baɗi a sake aiko da kuɗi. In ta ɓaci, a nemi ta wani gari. Har yau haka kasuwa take.

Kafin fata ta zama takalmi ko alabe, sai ta bi hannu biyar. Kowane hannu na iya gyara ta, kowane hannu na iya kashe ta.

Hannu na farko shi ne makiyayi. Jar akuyar Maraɗi ta yi suna a duniya saboda laushin fatarta da ƙarfinta. Amma ko jar akuya ce, in ƙazuwa ta kama ta, fatarta ta tashi aiki. Kaska ma na barin ƙananan huji. Dukan dabba da sanda mai ƙaya na barin tabo. Lalas a tsakiyar jiki na ƙone wurin da ya fi tsada. In za ka yi wa dabbarka shaida, yi mata a kunne ko a ƙasan ƙafa. In ka ga tana susa, gashinta na zuba, kai ta wurin likitan dabbobi tun da wuri.

Hannu na biyu shi ne mai fiɗa. A nan ba mahauta kaɗai muke nufi ba. Ranar Layya da ranar suna, kowane magidanci mahauci ne. Wuƙa ta tsaga kawai, sauran aikin na dunƙulen hannu ne. Wuƙa mai tsini ita ke huda fata, kuma huji ɗaya a tsakiya ya isa ya karya mata daraja. In ka gama, kankare tsoka da kitse, ka wanke jinin. Kada fata ta kwana a dunƙule.

Sai shanya. Mutane da yawa na shimfiɗa fata a ƙasa cikin rana. Kuskure ne babba. Bayanta zai bushe kamar ƙanzo, cikinta kuwa da danshi, sai ya ruɓe a ɓoye. Ido ba ya ganin wannan ɓarna. Sai ranar da majemi ya jiƙa ta, ta ɓarke masa a hannu. Shanya fata a inuwa, a bisa igiya, inda iska ke ratsawa. In kana da gishiri, shafe gefen naman da shi sosai. In ta bushe, ɗora ta a bisa wani abu, nesa da ƙasa, saboda gara da ƙwari.

Hannu na uku shi ne majemi. Shi ke jiƙa fata, ya sa ta cikin toka don gashin ya saki, ya kankare da kartaji, sannan ya tsoma ta cikin ruwan bagaruwa. Babban abokin gabansa gaggawa. Ga gwaji mai sauƙi. Yanki ɗan gefen fatar inda ta fi kauri, ka duba bakin yankan. In ka ga farin layi a tsakiya, bagaruwa ba ta ratsa ba, fatar ɗanya ce. Mayar da ita cikin ruwan. In ka tsame ta haka, za ta yi tauri, ta tsage, ta yi wari da damina.

Hannu na huɗu shi ne baduku. Kafin ka yanka fata, ɗaga ta ka duba da hasken rana. Ka san inda huji yake, ka san inda ta yi sirara. Wuri mai ƙarfi ya tafi inda kaya ke shan wahala, kamar maɗaurin takalmi da hannun jaka. Rini ma a gwada shi. Ko jan karan dafi ne, ko baƙi, ko tsanwa, jiƙa farin tsumma ka goga. In ya kama tsumman, gobe zai kama farar rigar mai saye. Kada ka cusa kwali cikin takalmi ka ce fata ce zalla. Ruwan sama na farko zai tona asirin.

Hannu na biyar shi ne mai sayarwa. Ranar Alhamis a Kasuwar Dole, ware kayanka kashi uku: lamba 1, lamba 2, lamba 3. Kowane kashi da kuɗinsa. Mai ƙaramin ƙarfi zai ɗauki lamba 3 da saninsa, ya tafi yana godiya. Amma in ka ɓoye mai huji a tsakiyar masu kyau, dillali zai daina yarda da ɗaurinka. Daga ranar duk kayanka kuɗin lamba 3 za a taya su. Wake ɗaya ke ɓata gari. Haka nan alkawari. In ka ce wa mutum ya zo Talata, to Talata ya tarar da aikinsa. In ya dawo da takalmi ɗinki ya kwance, karɓa da fara'a ka gyara masa.

Yanzu ku ɗauki alli, mu yi lissafi. Misali ne kawai. Mu ce fata mai kyau jikka 2 ce, mai huji kuma jikka 1. Mahauci ya huda fata 10 a wata. Asararsa nawa? Jikka 10. A wata 12 fa? Jikka 120. Ba ɓarawo ya ɗauke ta ba, ba gobara ta cinye ta ba. Wuƙarsa ce ta ci.

A nan ne karatun da kuke koyo zai yi muku rana. Nemi ƙaramin littafi. Duk ranar da aka rage maka kuɗi, ko aka maido maka da kaya, rubuta abu uku: ranar, irin aibin, da hannun da kayan suka fito. Bayan wata biyu ko uku, zauna ka karanta. Za ka ga aibi guda na ta maimaituwa. Wataƙila fatun kasuwa kaza kullum shanyar ƙasa ce. Wataƙila yaron shagonka ne ke gaggawar ɗinki ranar jajibirin kasuwa. Ka san inda cutar take, saura magani. Je ka wurin mutumin, ka nuna masa cikin mutunci, ba a gaban jama'a ba. Wanda ya gyara kuma, ƙara masa kuɗi. In kuɗin mai kyau da na maras kyau ɗaya ne, wa zai wahalar da kansa?

Wannan magana ba ta masu fata kaɗai ba ce. Ke mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa kafin suya. Kai tela, kai maƙeri, kai mai gyaran keke, ƙa'idar guda ce. Duba abin da aka miƙo maka kafin ka karɓa. Duba abin da za ka miƙa kafin ya bar hannunka.

Ga tambayoyi uku, ku tattauna da malaminku a aji:

1. Don me ba a shanya fata a ƙasa cikin rana?
2. Yaya majemi zai gane bagaruwa ta ratsa fata?
3. A taka sana'ar, wane aibi ne masu saye suka fi kuka da shi?

Kowa ya rubuta amsar ta uku da hannunsa, ko da layi ɗaya ne. Allah ya sa albarka a sana'armu, ya ba mu ciniki na halal. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.