Aikin lauyan ƴan kasuwa

Ina gaida ɗaliban yaƙi da jahilci na Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai, da sauran garuruwa duka. Yau hirarmu a kan lauya take, wanda muka fi sani da aboka, musamman mai kama shari'ar ciniki.

Ga misali. A ce wani Alhaji a Maraɗi ya ba wani kamfani na Yamai wake buhu 200 bashi. Lokacin biya ya yi, ya wuce, shiru. Ya aika, ya je da kansa, kullum sai gobe. To, daga nan sai ofishin lauyoyi.

Lauya ba ya farawa da kotu. Tambayarsa ta farko ita ce: ina takarda? Wace rana aka kai kaya? Wa ya sa hannu ya karɓa? Nawa aka yi ciniki? In ya tara wannan duka, sai ya rubuta wa mai cin bashin wasiƙa, ya yanka masa rana. Sau da yawa nan magana take mutuwa, don sulhu ya fi shari'a araha. In abin ya ƙi, sai ya shirya hujjoji a rubuce, ya tsaya gaban alƙali a madadin Alhaji.

Dokar da yake aiki da ita ta haɗin gwiwa ce. A shekarar 1993 ƙasashen Afirka suka sa hannu kan yarjejeniyar OHADA, don dokar ciniki ta zama ɗaya. Ƙasashe 17 ne a ciki, har da Nijar, babbar kotunsu kuwa tana Abijan. A shekarar 2015 ƙasarmu ta yi dokar kotunan ciniki, inda ƴan kasuwa suke zama tare da alƙali, kuma sai an gwada sulhu kafin hukunci.

Yanzu ku kasa kunne, ga wurin da mutane suke faɗuwa. Shari'ar ciniki da kwanaki take tafiya. Ɗan kasuwar da ya sayar wa ɗan'uwansa ɗan kasuwa da kaya, shekara 2 gare shi ya kai ƙara. In ya yi sakaci suka wuce, ana iya ce masa ya makara. Wanda kuma aka kawo wa takardar kotu mai umurnin ya biya bashi, kwana 10 gare shi ya ce bai yarda ba. In ya tura ta ƙarƙashin katifa don bai iya karatu ba, kwanakin suna tafiya, kuma ana iya zuwa a kama dukiyarsa ko da yana da gaskiya.

Kotu tana sauraron shaidu a tsakanin ƴan kasuwa, amma shaida yana mantuwa, yana tafiya, yana mutuwa. Takarda kuwa tana nan inda aka aje ta. Kome gwanintar lauya, da abin da ka miƙa masa yake aiki.

Saboda haka ga aikin wannan mako. Kowa ya sami littafi, ya ja layi huɗu: rana, suna, kaya, kuɗi. Duk bashin da ya fita a rubuta shi, mai karɓa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Kada kuma kowa ya sa hannu kan abin da bai karanta ba. Malamai su duba littattafan a aji.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.