Zaton Zamani da Kututturen Gona

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kawo mu wannan wata mai alfarma. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku masu saurare na Agye, da Gazawa, da Gidan Runji, karatunmu na yau a kan wani zato ne da ya shiga zukatan mutane har ya zauna kamar yaƙini: wai duk abin da ya zo daga nesa, ko aka saya da kuɗi, ya fi abin da Allah Ya ajiye mana a ƙarƙashin ƙafa, kuma da shi ake samun kwanciyar rai.

Dattawa suna tune da zamanin da ake cewa manomin ƙwarai shi ne wanda ya share gonarsa fes, ba kalgo, ba sabara, ba ɗan gawo. Aka sassabe, aka ƙone. Sai iska ta samu hanya, tana binne shuka da rairayi, mutum ya yi shuka sau biyu, sau uku. Sannan aka zo da itatuwan waje cikin motoci, aka dasa, aka kashe dukiya, mafi yawansu suka bushe. Yunwar 1984 ta iske mu a haka, kuma a shekarar nan aka yi babban taro a Maradi, zamanin Seyni Kunce, a kan gurgusowar hamada.

To, ina maganin ya fito? Daga kututturen da muke sarewa kowace bazara. Wani Bature ɗan Ostireliya, Toni Rinodo, ya lura cewa saiwarsu na nan da rai. Ba addininmu ɗaya da shi ba, amma gaskiya in ta zo ba a tambayarta garinsu. Manomi ya zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi, ya datse sauran, ya kare su daga dabba da gatari. Shi ne ake kira sassabin zamani, alhali babu inji a ciki, wuƙa ce da haƙuri. Mutanen Ɗan Saga sun riƙe shi har suka kafa kwamiti na tsaron itace, baƙi na zuwa daga ƙasashe don su gani. Masana sun ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a gonakin Nijar.

Ku dubi gawo, ku yi tasbihi. Da damina yana kakkaɓe ganyensa, hatsi ya samu rana da taki. Da rani, lokacin da yawancin itatuwa suka tuɓe, shi sai ya yi kore, 'ya'yansa su ciyar da bisashe. Wace masana'anta ta tsara wannan? Ya kuma tabbata a Buhari da Muslim cewa abin da tsuntsu, ko mutum, ko dabba suka ci daga shukar musulmi, sadaka ce gare shi.

Yau zaton nan ya sake riga. Saurayi ya sayar da hatsinsa da kaka, lokacin da tiya ta fi araha, don ya riƙe salula mai hoto. Da bazara ubansa ya ci bashi ya sayi hatsin nan da tsada. Wani ya jinginar da gonar gado don babur. Tun da zinariya ta bayyana a Jado a 2014, gida nawa aka bar wa mata da tsofaffi? Ban ce salula haramun ba ce. Da ita ake jin lafiyar ɗan da ke ci-rani, da ita ake aiko kuɗi, wasunku ma da ita kuke jin muryata yanzu. Amma wanda ya kwana yana kallon gidajen Dubai, ya wayi gari yana raina ɗakin uwarsa, me ya ƙaru da shi? Mutanen Ƙaruna ma sun yi burin irin dukiyarsa ranar da ya fito cikin ado, kamar yadda Suratul Ƙasas ta ba da labari, sai da ƙasa ta haɗiye shi suka gane.

Wanda ke da niyyar sayar da hatsi don kayan Salla, ya fara auna na zakkar fid da kai, da na iri, da abin da zai kai iyalinsa ga sabon hatsi. Allah Ya karɓi azuminmu, Ya ba mu damina mai albarka. Gobe, in Allah Ya so, za mu shiga babin i'itikafi. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.