Hoton Faɗa-wuta a Bango: Ado Ne Ko Ilmi?

  

Ya ku 'yan'uwa, maganarmu ta yau a kan wani ƙaramin ƙwaro ce wanda kowa ya san shi yana kewaya fitila da dare, wato faɗa-wuta, ɗan'uwan malam-buɗe-littafi. A Turai da Amurka ana sake buga tsofaffin zane-zanensa, a sa su cikin gilashi da katako, a sayar don a rataya a falo ko ofis. Mai saye yakan dubi kyan fukafuki kurum, alhali kuwa asalin waɗannan hotuna shafuka ne na littattafan bincike, ba don ado aka yi su ba.

Bari mu ɗauki misali guda. Maria Sibylla Merian an haife ta a birnin Frankfurt na Jamus a shekarar 1647. A zamaninta mutane da yawa sun ɗauka cewa tsutsa daga laka ko ruɓaɓɓen abu take fitowa haka kawai. Ita kuwa sai ta riƙa tara tsutsotsi tana ciyar da su da ganyen da suke ci, tana rubuta abin da ta gani, har ta bi rayuwarsu daki-daki: ƙwai, sannan tsutsa, sannan ta kulle kanta cikin kwanso, sannan ta fito da fukafuki. Ta fitar da littafinta na tsutsotsi a 1679. A 1699, tana da shekara 52, ta shiga jirgin ruwa da 'yarta zuwa Suriname a Kudancin Amurka, ta koma Amsterdam a 1701, kuma a 1705 ta wallafa babban littafinta mai ɗauke da zane 60. Akan sassaƙa zanen a farantin tagulla, a buga a takarda, sannan a sa masa launi da hannu. A shafi guda mai karatu zai ga ƙwaron da tsutsarsa da tsiron da take ci. Adalci ne kuma mu ambata cewa bayi 'yan Afirka da 'yan asalin ƙasar ne suka kawo mata da yawa daga ƙwarin, suka sanar da ita amfanin tsirrai.

Duk da wannan ƙoƙari, masanan da suka biyo baya sun gano cewa a wani shafi ta haɗa wani ƙaton faɗa-wuta, wanda faɗin fukafukinsa kan kusa santimita 30, da tsutsar da ba tasa ba. Ba su ce tunda babba ce ta zana shi ke nan ba. Sun koma ga halittar kanta sun duba. Wannan ita ce hanyar ilmi, kuma darasi ne gare mu: girman mai magana ba ya zama hujja.

To, mene ne matsayinmu? Sananne ne cewa malamai da yawa sun hana rataya hoton abu mai rai don ƙawa, kuma da yawa sun yi rangwame idan buƙatar koyarwa ce ta kawo shi. Saboda haka mafi aminci shi ne zanen ya zauna cikin littafi da ɗakin karatu, inda zai yi aikin da aka yi shi dominsa. Amma kada tsoron hoto ya sa mu juya wa ilmin baya. Alƙur'ani ya ambaci wannan ƙwaro a Suratul Ƙari'a, inda aka kwatanta halin mutane ranar Alƙiyama da shi. Magabata kuma sun yi rubutu kan dabbobi da ƙwari: Jahiz na Basra ya rubuta Kitabul Hayawan a ƙarni na 9, Damiri na Masar, wanda ya rasu a 1405, ya rubuta Hayatul Hayawan.

Jama'a, al'amarin ya shafi tufarmu da abincinmu. Zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi, tsutsar wani irin faɗa-wuta ce take saƙa shi. Asu da ke cinye tufafi a akwati shi ma daga wannan dangi yake. Haka nan tsutsar da aka fara ganinta a Afirka ta Yamma a 2016, har da Nijeriya, wadda ta taso daga nahiyar Amurka ta auka wa masara, 'yar faɗa-wuta ce. Uwar takan saka ƙwai a ganye da dare, tsutsar kuma ta shige can cikin zuciyar masarar. Manomin da ya san wannan zai zagaya gonarsa tun shuka tana ƙarama, ya murƙushe ƙwai kafin su ƙyanƙyashe. Wanda bai sani ba kuwa sai ya tashi neman magani bayan ɓarna ta auku, ya yi asarar kuɗi da amfanin gona.

Don haka muna kira ga iyaye da malaman makarantunmu, su nuna wa yara, maza da mata, yadda ake lura da halitta: a sa tsutsa a kwalba da ganyenta, a huda murfin, a rubuta abin da aka gani kullum har ta fito da fukafuki. Masana sun ƙididdige irin faɗa-wuta kusan 160,000, kuma mu ne ya fi kamata mu san na gonakinmu.

Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani, Ya sa mu cikin masu tunani a kan halittunSa.