Idan Dabara Ta Ƙare Wa Mai Sana'a

Yau zan yi magana ne a kan ranar da mai sana'a zai wayi gari ya ji kansa ya toshe: ciniki ya tsaya, dabara ta ƙare, zuciya ta karaya.

Da yawanmu mun ga irin wannan rana. Ambaliyar 2022 ta cinye gonaki a Jigawa. A 2023 aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi. Mai ƙuli-ƙuli ta ga gyaɗa ta fi ƙarfin jarinta, ta kife tukunya ta zauna. Wannan ba lalaci ba ne, gajiyar tunani ce, kuma tana da magani.

Na farko, kada ku zauna a ɗaka kuna ƙirga asara. Ku je kasuwar Shuwarin hannu rabbana, ku zaga, ku ji abin da masu saye ke nema suna rasawa.

Na biyu, ku canza abu ɗaya tak. Dabinon Dutse, maimakon mudu, a ƙulla shi ƙanana-ƙanana a kai tasha. Zoɓo kuwa a dafa shi da citta a sayar.

Na uku, ku faɗa wa 'yan adashinku damuwarku. Wata ta riga ta haye ramin da kuke ciki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A ƙarshe, kada ku cinye jari don ɓacin rai. Ku huta kwana ɗaya, kashegari ku fara da abin da ke hannu. Sannu ba ta hana zuwa.