Abin Da Ke Binne Ƙarƙashin Ƙasar Da Muke Zaune A Kanta

Shugaban ƙungiya, Sarkin Hausawa, malamai, iyayenmu da 'yan'uwana mazauna Yangoji, ina gaisuwa. Ni ba ɗan boko ba ne, kun sani, Islamiyya na yi, sai kasuwa. Abin da ya sa na roƙi a ba ni wannan lokaci, wani abu ne da ya faru da ni.

Kwanakin baya wani saurayi ya zo shagona da buhu, ya ja ni gefe. Da ya buɗe sai ga kan mutum na gasasshen yumɓu, ido kamar kusurwa uku, an huda tsakiya, ga kitso tsaf. Ya ce a gona aka tono, in nema masa mai saye, a raba riba. To, ɗan kasuwa ne ni, wallahi sai da zuciyata ta yi lissafi. Na dai ce ya koma da shi. Daga baya na bi bayani, ga abin da na samo.

Irin waɗannan kawuna su ake kira kayan Nok. Nok ƙauye ne a ƙasar Jaba, kudancin Kaduna, inda masu haƙar kuza suka fara tono su a 1928. A 1943 aka kai wa wani Bature a Jos, Bernard Fagg, wani kai daga Jama'a, wanda mai shi ya kafa a gonar doya don korar ɓarna. Shi Fagg ɗin ne daga baya ya yi tono a Taruga, kudu maso gabashin Abuja, ba wata uwa duniya ba daga nan. Can ya tarar da matoyar narka tama da ta haura shekara 2,000. Wato ana ƙira a wannan yanki tun kafin a san da birnin Kano ko Katsina.

Daga 2005 masana daga jami'ar Farankfot ta Jamus, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, suka shiga tono a wajen Janjala, ƙasar Kagarko. Suka gano mutanen nan sun fara zama tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Me suke ci? Gero da wake. Har kakin zuma an samu a jikin tukwanensu. Jama'a, abincinmu ne fa.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne wannan. A wasu wuraren sun tarar da duwatsu a jere, ga tukunya ɗaya ko biyu a gefe, ga duwatsun wuya a shirye kamar yadda suke a wuyan mai su. Ƙashi babu, ƙasar wurin mai tsami ce, ta cinye. Masanan suka ce kaburbura ne, kuma kusa da su ake samun mutum-mutumin a farfashe, an binne. Ashe abin da yaron nan ya kawo mini, mai yiwuwa daga maƙabarta ya fito. Ba Musulmi ba ne, na yarda, zamaninsu ma ya riga Musulunci da nisa. Amma 'yan Adam ne, wani ya yi kukan mutuwarsu ya rufe su. Wa zai so a tone kakansa a kai kasuwa?

Wani zai ce ai su ma Turawan tonewa suke yi. Haka ne, ni ma abin bai kwanta mini gaba ɗaya ba. Sai dai akwai bambanci. Su da izini suke yi, suna aunawa, suna rubuta inda kowane abu yake, gawayi da ƙwayar geron da ke gefe su ake gwadawa a san shekaru. Mai tonon dare kuwa kai kawai yake nema, ya watsar da sauran, labarin wurin ya tafi har abada. Haka aka yi wa wurare masu yawa tun shekarun 1990, kayan suka ƙare a Turai.

Sannan akwai doka. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ta hana saye da sayar da kayan tarihi ko fita da su ba da izinin hukuma ba. Mu kuma baƙi ne a nan, masu ƙasa sun karɓe mu, sun ba mu wurin gini da na kasuwa. Ran da aka kama Bahaushe ɗaya da irin wannan buhu a hanyar Lokoja, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi Hausawan Yangoji ne ke sayar da kayan kakannin mutane.

Don haka ga roƙona ga shugabanni. Duk wanda ke haƙa rijiya, ko harsashin gini, ko ramin yashi, ya ci karo da tsohuwar tukunya ko mutum-mutumi, kada ya fasa don yana ganin gunki ne, kada kuma ya ɓoye. Ya tsaya da aikin, ya sanar da Sarkin Hausawa, shi kuma ya kai maganar ga hakimi, a kira hukumar gidajen tarihi a Abuja. Direbobinmu ma a ja musu kunne kan ɗaukar buhun da ba su san abin da ke ciki ba.