Jawabi Ga 'Yan Arewa Mazauna Kudu: Yaƙi Da Tamowa A Potiskum

Sarakunan Hausawa, shugabannin zango, da sauran 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal.

Duk wanda ya taɓa ganin ana sauke shanu daga tirela a Agege, da wuya a ce babu na Potiskum a cikinsu, domin kasuwar garin tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Gero da dawa da wake kuwa ba a magana. Amma a wannan garin ne mata ke bin layi a ɗakin shan magani, goye da 'ya'yan da tamowa ta rame. Watau abinci yana kasuwa, bai kai bakin yaro ba.

A da, yaron da tamowa ta yi wa tsanani sai an kwantar da shi a asibiti, uwarsa ta bar gida da sauran 'ya'ya makonni. A 1996 aka haɗa wani abinci a Faransa, Plumpy'Nut, na gyaɗa da madarar gari da sukari da mai da sinadarai, cikin 'yar leda mai giram 92, wanda ba a dafa shi, ba a kuma dama shi da ruwa. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara fiye da 60,000 magani a Nijar, akasarinsu a yankin Maraɗi, mafi yawa kuma suna gida wurin iyayensu. Nijeriya ta ɗauki wannan tsari a 2009 tare da UNICEF, sa'an nan ƙungiyar Action Against Hunger ta shiga Jihar Yobe, ta yi aiki da ɗakunan shan magani na Damaturu da Fune da Potiskum. Ana auna dantsen yaro da wani ɗan tef mai launi, in ya gaza santimita 11.5 ya faɗa ja, sai a riƙa ba uwar ledojin mako guda har ya murmure.

Lalle maganin yana aiki. Rauninsa shi ne kuɗin sayensa daga waje yake zuwa. Shirin WINNN da aka fara a 2011 a jihohi 5, har da Yobe, da kuɗin Ingila aka yi shi, ya kuwa ƙare kamar yadda kowane shirin agaji ke ƙarewa. A watan Yuli na 2025, bayan da Amurka da wasu ƙasashe suka rage tallafi, Hukumar Abinci ta Duniya ta ba da sanarwar za a rufe cibiyoyi fiye da 150 a Barno da Yobe. An kafa masana'antun wannan abinci a Kano da Ikko, amma masana'anta ba ta ba da kyauta. Muddin gwamnatin jiha ba ta sa kuɗinsa cikin kasafinta ta kuma sake shi a kan kari ba, kwanakin shirin suna hannun baƙo. Masu karkatar da ledojin zuwa kasuwa kuwa su sani abincin majinyaci suke sayarwa.

Abin da ya fi alamar ɗorewa shi ne wanda ake yi da kayan gida. Kunun Tom Brown da ƙungiyar CRS ta yaɗa a Yobe, mudu 6 ne na gero ko dawa, da 3 na waken suya, da 1 na gyaɗa. A soya su sama-sama, a niƙa, a dama. Mata ne ke koya wa juna a cikin unguwa, wadda ta iya kuma ta iya ke nan, ko ƙungiya tana nan ko ta tafi. Sai dai a kula, kunun na yaron da ya fara ramewa ne. Wanda ya faɗa ja, ko ƙafafunsa suka kumbura, asibiti za a nufa da shi ran nan.

Gaba da kunu akwai nono. Likitoci sun ce a ba jariri dakashi, kada a zubar, a kuma shayar da shi nono zalla wata 6, ko ruwa ba a ba shi. A nan ne akan sha gardama da kakanni, musamman da bazara, amarya kuma ba ta iya musu da surukarta. Ɗan gidan ne kaɗai ke iya lallashin mahaifiyarsa, ko da ta waya ne.

Magana ta zo kan magidancin da ke neman kuɗi a Kudu. Tamowa ta fi kamu da damina, daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro da gudawa suka yi yawa. Kuɗin da aka tara domin ɗinkin Salla, in an ware wani abu an aika da shi a waɗannan watanni, aka ce na ƙwai ne da wake da gyaɗar yara, ya fi amfani. Haka kuma ya kamata maigida ya bar wa iyalinsa izini tun kafin ya taso, cewa in yaro ya fara gudawa ko ya ƙi cin abinci a kai shi ɗakin shan magani ba sai an jira waya daga Ikko ba, a kuma kai shi allurar ƙyanda da zarar ya cika wata 9.